Yadda za ki shiga wasan 'yan sulke a Ingila da ƙaramin yaro, da yadda za ki yi da makaranta in lokaci ya ƙi haɗuwa

Duk wanda ya ga hoton autana a wayata, sanye da 'yar rigar ulu ruwan toka yana juya dutsen niƙa a bakin tanti, sai ya tambaye ni wai wane ƙauye ne wannan a Ingila, wasu ma cewa suke ko fim muke yi. Ba fim ba ne. Wasu mutane ne a nan, likitoci da direbobin bas da malaman makaranta da 'yan fansho, suke ajiye waya da mota ranar Asabar da Lahadi su koma rayuwar mutanen ƙasar na zamanin sulke da takobi, wato daga wajen shekara ta 500 zuwa 1500, su sa kaya irin na lokacin, su yi girki a murhu, su kwana a tanti, da yamma kuma maza da wasu matan su ja daga a fili su kwaikwayi yaƙin da aka taɓa yi a wurin. Mu yanzu shekararmu ta uku ke nan a ciki, kuma abin da ya fi ba mu wahala ba ɗinki ba ne ba kuma kuɗin kaya ba, makarantar yaro ce. Shi ya sa zan haɗa miki duka biyun, don in yaronki bai wuce shekara huɗu ko biyar ba, ba yadda za a yi ki raba su.

Ki fara da zuwa kallo, kar ki sayi komai tukuna. Manyan tarukan sanannu ne. Akwai na Hastings da hukumar English Heritage ke shiryawa a watan Oktoba a Battle Abbey, a filin da William na Normandy ya ci Sarki Harold na Ingila da yaƙi ranar 14 ga Oktoba 1066. Akwai na Tewkesbury a Yuli, wanda yake tuna yaƙin 1471, shi shigarsa ma kyauta ce. Akwai na Bosworth a Agusta, inda aka kashe Sarki Richard na Uku a 1485, shi ne dai wanda aka tono ƙasusuwansa a ƙarƙashin wani wurin fakin ɗin motoci a Leicester a 2012. Sai bikin 'yan Viking, wato mayaƙan da suka riƙa zuwa da jiragen ruwa daga arewacin Turai, na York a Fabrairu, lokacin ɗan hutun tsakiyar zango. In kin je, kar ki tsaya a bayan igiya kina kallon faɗa kawai, faɗan minti talatin zuwa arba'in ne ya wuce. Ki zaga wajen tantuna inda ake girki da saƙa da ƙira, ki tsaya ki yi hira, ki duba da idonki ko akwai yara ƙanana a sansanin da yadda ake mu'amala da su. Wannan shi zai faɗa miki ko ƙungiyar ta iyali ce ko ta samari masu son duka da giya. Duka biyun akwai su, kuma daga nesa ba kya bambancewa.

Ni abin da ya kama ni ranar farko wata dattijuwa ce zaune a kan buzu tana kaɗi. Ta murza mazari ta sake shi yana lilo, zare yana fitowa daga curin gashin tunkiya a hannunta na hagu, kuma wallahi tsayawa na yi kamar an dasa ni, domin haka kakata take yi a tsakar gida da auduga, bambancin kawai ita kakata a cikin 'yar tasa take kafa mazarin kuma tana shafa alli a yatsa. Na faɗa wa matar, sai ta miƙo min mazarin tace to nuna min irin naku. Hannuna ya tuna abin da kaina ya manta. Daga nan aka fara.

Kuma kar wani ya ce miki abin baƙo ne gare mu. Rigar ƙarfen da suke sawa ai sulke ce, rigar da ake cusa wa tsumma ko ulu a ɗinke ta layi-layi a sa a ƙarƙashi dangin lifidi ce, hular ƙarfe kwalkwali. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, kinga ke nan lokaci ɗaya da mutanen da ake kwaikwaya a nan. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ga 'yan lifida da 'yan sulke a hawan daushe ya riga ya san rabin abin. Har shuɗin da suke rini da shi daga wani ganye ne na ƙasarsu da yake ba da launi iri ɗaya da baba na marinar Ƙofar Mata.

Sai zaɓen ƙungiya. Kowace ƙungiya da zamaninta, ba a haɗa kayan 1066 da na 1471, tsakaninsu shekara ɗari huɗu ne. Regia Anglorum, wadda aka kafa a 1986, tana yin zamanin Saxon da Viking da Norman, har wani babban zaure na katako suka gina da hannunsu a Kent. Akwai The Vikings da ta faro tun 1971. In kuma a Amurka kike, babbar ƙungiyar can ita ce SCA, wato Society for Creative Anachronism, da aka fara a Berkeley ta Kalifoniya a 1966, su sun fi sassauci a kan kaya. Ki nemi reshen da ya fi kusa da gidanki, domin nisa shi ke kashe wannan sha'awar, ba tsada ba. Abin da za ki tambaya kafin ki cike fom: nawa ne kuɗin shekara kuma ya haɗa da inshora, suna ba sabon shiga aron kaya, akwai wanda aka ɗora wa kula da lafiyar yara da tsaronsu, kuma taro nawa ne dole a halarta a shekara. Wannan ta ƙarshen ki riƙe ta da kyau, za mu dawo kanta.

Mu musulmi akwai abin da ya kamata a faɗa tun ranar farko ba tare da kunya ba. Naman alade yana yawa a tukunyar sansani, da dare kuma bayan 'yan kallo sun watse ana shan giya a bakin wuta. Mu tukunyarmu daban, akushinmu daban, muna yin faten sha'ir da wake da albasa da kabeji, wani lokaci da naman rago da na taho da shi daga shagon halal, kuma ba wanda ya taɓa ɗaga mana gira, har layi ake yi a kan faten. Ki sani dai a gaban jama'a ba dankali, ba tumatir, ba masara, ba attaruhu, domin duk bayan 1492 suka iso Turai daga Amurka. Yajina yana cikin wani ɗan tulu mai murfi, sai an rufe ƙofa nake fito da shi. Salla kuwa a cikin tanti muke yi a kan buzu. Shigar matan lokacin ma doguwar riga ce har ƙasa mai dogon hannu, da lulluɓi a kai, ban taɓa samun wurin da hijabi ya zauna daidai a ƙasar nan kamar sansanin nan ba.

In kuma wani ɗan kallo ya tambaye ki wai akwai irinku a nan a wancan zamanin, kar ranki ya ɓaci, ki ba shi labarin dinarin Sarki Offa na Mercia, wata tsohuwar masarauta a tsakiyar Ingila, wanda ya yi mulki daga 757 zuwa 796, ya sa aka buga kuɗin zinari da kalmar shahada a jiki da larabci, an kwaikwayo dinarin Abbasiyawa, yana nan a British Museum. Ki ƙara masa da dirhamin ƙasashen musulmi da ake tonowa a cikin dukiyar da 'yan Viking suka binne a arewacin Ingila. Maigidana a matsayin falke yake fitowa, da ma'auninsa da 'yan azurfa da turare.

Kaya: ulu da lilin, shi ke nan. Ba zif, ba roba, ba leshi, ba launi mai ƙyalli. Ki fara da rigar ciki ta lilin da ta sama ta ulu, ɗinkin da ido zai gani ki yi shi da hannu, na ciki ki bi da keke ba wanda zai sani. Kafin ki yanka yadi ki nuna wa mai duba kaya na ƙungiyar, kowace ƙungiya tana da shi, domin ba abin da ya kai ki ɗinka riga sati uku a ce miki launin bai yi ba ciwo. Na yaro ki yi masa da girma ki naɗe ƙasa da hannu, shekara mai zuwa ki warware. Takalmi shi ne mai tsada, na fata ne da ake ɗinkawa a bai-bai sannan a juya, na yara kuwa a sansani ake gadonsa daga wannan ɗa zuwa wancan, ki tambaya kawai. Akwai kasuwar masu wannan harka da ke ci kusa da Coventry sau biyu a shekara, wajen Maris da Nuwamba, can za ki samu yadi da akushi da ƙaho da komai. Maganar takobi da sulke kuwa a bar ta sai an yi shekara. Makaman duk marasa kaifi ne, amma ƙarfe ƙarfe ne, sai mutum ya yi horo an gwada shi kafin a bar shi ya shiga fili, kuma yawanci sai ya kai 16 ko 18. In za a tafi da su a mota a naɗe su a but, katin ƙungiya yana aljihu.

Yaro ɗan shekara huɗu ba ruwansa da wannan duka. Shi nasa ɗebo ruwa a ɗan guga, tsince wake, juya dutsen niƙa, gudu da takobin katako da sauran yara har ya faɗi. Ki kafa masa doka biyu kawai, ba a tsallake igiyar filin faɗa, ba a matsawa kusa da wuta sai da babba. Ki tafi da safa mai kauri da bargon zamani ki ɓoye a cikin tanti, daren Ingila ko a Yuli sanyi gare shi.

To yanzu makaranta, inda na ce nan gizo ke saƙar.

A Ingila yaro yana shiga ajin farko, wanda suke kira Risefshin, a watan Satumban da ya biyo bayan cikarsa shekara huɗu. Nawa ɗan Agusta ne, ke nan da shekara huɗu da sati uku aka sa masa yunifom, daga wajen tara saura zuwa uku da kwata, kwana biyar a sati, a aji ɗaya da yaran da suka girme shi da kusan shekara guda. A Finland sai yaro ya kai bakwai yake fara firamare, a Jamus shida. Sati na uku da farawa na ɗauko shi, na zuba masa shinkafa na shiga kicin ɗauko ruwa, na dawo na tarar ya kifa kai a gefen faranti yana barci, cokali a hannu, takalmi ƙafa ɗaya a cire ɗaya a sanye. Yaron da a sansani yake wuni yana gudu daga safe har magariba bai gaji ba. Ya koma fitsarin kwance da ya daina tun yana shekara uku, ranar Juma'a kuwa ko magana ba a yi masa sai kuka. Da na je na yi wa makarantar magana aka ce min ai duk haka suke yi, zai saba. Na dawo gida raina a jagule, ina ganin kamar ba ni da ta cewa.

Ashe ina da ita. Wata uwa a sansani ce ta buɗe min ido, muna wanke akushi. Dokar tilasta zuwa makaranta ba ta hawa kan yaro sai ya cika biyar, kuma ko ya cika sai an kai ɗaya daga cikin ranaku uku, 31 ga Disamba ko 31 ga Maris ko 31 ga Agusta, wadda ta fara zuwa bayan ranar haihuwarsa, sannan daga zangon da ke biye ya zama dole. Kafin nan, ƙa'idar ɗaukar ɗalibai ta gwamnati, ta 2021, a sakin layi na 2.17, ta ce iyaye suna iya jinkirta shigar yaro zuwa wani lokaci a cikin shekarar, kuma in sun so yaro yana iya zuwa na wani ɓangare na lokaci kawai. Yaran da aka haifa daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Agusta kuwa iyayensu suna iya riƙe su a gida ko a nazare har Satumban bayan sun cika biyar, sai dai a nan akwai tarko: in kina so ya fara daga Risefshin maimakon a jefa shi ajin da ke gaba da Risefshin kai tsaye, sai kin rubuta kin roƙa, kuma hukumar da ke ɗaukar ɗalibai ce za ta yanke. Iyaye sun daɗe suna faɗa a kan wannan, har ƙungiya gare su ta masu 'ya'yan bazara. In wannan hanyar kike so, ki nema da wuri, tare da cike fom ɗin makaranta kafin 15 ga Janairu, kar ki bari sai an raba gurabe a Afrilu. Wannan duk na Ingila ne fa, Scotland tsarinsu daban.

Ga yadda za ki yi in ɓangaren lokaci kike so. Kar ki tare malama a bakin get da safe tana fama da yara talatin. Ki rubuta imel zuwa ga shugaban makarantar, gajere, cikin ladabi, ki faɗi ranar haihuwar yaro, ki ambaci sakin layin nan, ki faɗi abin da kike gani a gida ƙarara, barcin, kukan, fitsarin. Sannan ki kawo tsari naki, kar ki ce musu me za a yi. Mu cewa muka yi zai riƙa zuwa kullum da safe, Laraba da Juma'a a ɗauke shi bayan abincin rana, a sake zama a duba bayan hutun tsakiyar zango. Na zaɓi yamma ne da gangan domin karatun haruffa da lissafi da safe ake yin su, in kika ce zai riƙa fashin safiya kin ba su hujjar da za su ƙi, kuma gaskiyarsu ne. Ki nemi a ba ki amsa a rubuce. In an kira ki zama ku je ku biyu da maigida, kuma ki shiga da fuska a sake, malaman nan ba maƙiyanki ba ne, su ma daga sama ake matsa musu a kan yawan halarta.

Abu ɗaya da zan roƙe ki, kar ki ce musu don zuwa sansani kike nema. Ba don a ɓoye ba, sai don ba shi ne dalilin ba, kuma in kika sa shi gaba maganar ta lalace. Dalilin shi ne yaro ɗan shekara huɗu jikinsa bai kai ya zauna awa talatin da wani abu a sati ba. In da bai gaji ba da ban nema ba. Cewa yammacin Juma'a ya zo daidai da lokacin loda tanti a mota, wannan ƙari ne. Kuma ki sani akwai iyayen da nasu faɗan akasin naki ne, masu aiki da suke jin haushin makarantun da ke fara wa yara da rabin wuni na sati biyu ko uku, su ma ƙa'idar ta ba su haƙƙin cikakken wuni tun daga Satumba. Kar ki shiga gurup ɗin iyaye kina yi musu wa'azi, kowa ya san inda takalminsa ke matsa masa.

Da zarar yaro ya kai shekarun dole kuma, labari ya canza, ki shiga taitayinki. Tun Agustan 2024, in yaro ya yi fashi ba izini har sau goma a cikin sati goma na karatu, kuma safiya ɗaya ake ƙirgawa yamma ɗaya, wato kwana biyar ke nan, ana iya cin tararku fam 80, in ba a biya cikin kwana 21 ba ta koma 160, kuma kowane mahaifi da nasa a kan kowane yaro. Wani uba mai suna Jon Platt ya ja wannan maganar har Kotun Ƙoli bayan ya kai 'yarsa Florida ana tsakiyar karatu, a 2017 kotu ta ba shi rashin gaskiya. Ranar Salla ba ta cikin wannan, ana ba da izinin ranar ibada, ki dai sanar tun kafin ranar. Amma taron 'yan sulke ba wanda zai ba ki izini a kansa, kar ma ki tambaya, kuma don Allah kar ki koya wa yaro cewa ba shi da lafiya alhali ƙalau yake, ranar Talata zai je ya ba malama labarin dawakai.

Abin da muke yi yanzu shi ne, da kalandar makaranta ta fito da ta ƙungiya, sai mu baje su a tebur mu ja layi. Tarukan da suka faɗo a hutun bazara na sati shida, da ƙarshen makon da ke da hutun Litinin a Mayu da ƙarshen Agusta, su ne namu na kwana. Shi ya sa nace ki tambayi taro nawa ne dole, ƙungiyar da za ta ce sai kin zo goma a shekara ba taki ba ce yanzu. Waɗanda suka faɗo ana karatu irin na Hastings da Tewkesbury, maigida yakan wuce da tanti tun safiyar Juma'a in ya samu hutu a wurin aiki, ni in ɗauko yaro ƙarfe uku da kwata mu bi shi, abincin dare a mota. Lahadi ita ce mai wuya, domin ba a yarda a shigo da mota ko a sauke tanti sai 'yan kallo sun fita wajen ƙarfe biyar, kafin a naɗe a loda a kama hanya sai ki ga goma ta wuce ba ku iso gida ba, ga makaranta da safe. Saboda haka ni da yaro muna sallama tun azahar mu kama hanya, maigida ya taho da kaya daga baya. In mota ɗaya gare ku, ku zaɓi na kusa ku je wuni ɗaya kawai, Asabar, ku dawo ku kwana a gida.

Yunifom ɗin Litinin ki goge shi tun daren Alhamis ki rataye, jakarsa a shirye, littafin karatunsa ki jefa a cikin kayan sansani ku karanta shafi biyu a tanti da safe kafin a buɗe ƙofa. In kun iso gida ranar Lahadi wanka da ruwan ɗumi kai tsaye, ki wanke masa kai sau biyu domin hayaƙin itace yana kama gashi, ki duba bayan gwiwa da hammata da bayan kunne ko kaska ta maƙale daga ciyawa, ƙarfe bakwai yana kan gado. Kayan ulun kuma kar ki jefa su a injin wanki, za su tsuke su koma na 'yar tsana, ki shanya su a iska kwana biyu ki kakkaɓe da buroshi, rigar lilin ta ciki ita kaɗai ake wankewa.